Buroshi Kafin Bulo

Le Corbusier, shahararren mai zanen gine-gine na ƙarni na 20, ba ya shiga ofis da safe. Shekara da shekaru haka ya tsara yininsa a birnin Faris: daga hantsi har rana ta take yana gida shi kaɗai da buroshi da fentin mai, yana zanen kwalabe da farantai da lofe. Sai ya ci abincin rana sannan ya nufi ofishinsa na titin Sèvres, inda yaransa ke jiransa da fulan ɗin gidajen mutane. Mutumin da duk wanda ya karanta zanen gine-gine ya sha haddar sunansa, rabin yininsa ba gini yake zanawa ba. Bai kuma ɓoye ba, ya sha faɗa cewa mai neman sirrin gine-ginensa ya je ya duba wancan aikin na safe.

Ni a Kaduna nake wannan sana'a, a wani ɗan ofis a saman bene a Unguwar Sarki, kuma na san abin da zai faru ran da na ce wa Alhaji ba na ɗaukar waya sai bayan azahar saboda ina zanen buta. Kafin la'asar aikin ya koma hannun wani yaro mai laftof. Don haka nawa zanen tsakanin sallar asuba da fitar yara makaranta nake yin sa, a bayan kwalin tayil, da ragowar fentin da ya saura a wurin aiki. Ba na sayarwa, babu ma mai saye. Sai dai na daɗe da lura cewa gidajen da na faro a kan kwali daban suke fitowa da waɗanda na faro a kwamfuta.

Yau a garin nan zane ɗaya mai gida ya sani, wato 3D, hoton gida da ake haɗawa a kwamfuta kamar an riga an gina shi. Zai zo ya zauna, a gaisa, a tambayi iyali, sai ya zaro waya ya miƙo maka. "Injiniya, irin wannan nake so, amma a ƙara masa tsawo." Gida ne da ya gani a Instagram, da dogayen ginshiƙan Rumawa a ƙofa da rufin da tsayinsa ya kai rabin ginin. Kai ma sai ka koma ka haɗa masa nasa: sama shuɗiya tas, ciyawa kore shar, baƙar jif a gindin baranda. Babu tankin ruwa, babu ɗakin janareta, babu igiyar shanya, babu jar ƙurar da za ta hau bangon tun kafin a tare. Hoton amarya ne ranar kamu, kuma wanda zai zauna da ita ya san ba haka za ta tashi da safe ba. Ba raina 3D nake yi ba, da shi nake cefane. Amma shi ana yin sa ne bayan an gama yanke shawara, don a shawo kan mai kuɗi. Zanen su Le Corbusier kuwa tun mutum bai san abin da yake nema ba yake yin sa, kuma babu wanda yake son burgewa.

Sunansa na yanka Charles-Édouard Jeanneret, an haife shi a 1887 a wani garin maƙeran agogo a Suwizalan. A 1918 shi da wani mai zane, Amédée Ozenfant, suka fito da salon da suka kira Purism. Ƙorafinsu a kan masu bin sawun Picasso shi ne sun yi ta farfasa siffofi har zane ya koma ado kawai. Su so suke a dawo da tsari da ma'auni, a ɗauki kayan yau da kullum da masana'anta ke bugawa dubu-dubu, kwalba da kofin gilashi da faranti, a zana su tsaf.

Akwai wani zanensa na 1920 da ke ajiye a gidan zane-zanen zamani na New York, wanda na fara gani a littafi tun ina ɗalibi a Samaru. Mai kallon gaggawa kayan kicin zai gani: tulin farantai a tsakiya, kwalabe, lofe, buɗaɗɗen littafi, da jita a bayansu. To amma tsaya a kan farantan nan. Bakin na sama zagaye yake cif, yadda za ka gan shi in ka tsaya a kansa ka leƙa. Gefen tulin kuwa a miƙe yake, yadda za ka gan shi in ka durƙusa idonka ya yi daidai da tebur. Ido ba ya ganin abu ta waɗannan fuskoki biyu a lokaci guda. Mu masu zanen gini ne ke wannan aikin kullum, fulan daga sama a takarda ɗaya, fuskar gini daga gaba a wata takardar. Shi sai ya haɗe su wuri guda ya shafa musu launi.

Akwai dabara ta biyu da ta fi wannan yi mini amfani. A zane-zanen Purism sau da yawa layi ɗaya ne ke yi wa abu biyu aiki. Layin da ya zama gefen kwalba, shi ne kuma gefen kofin da ke jikinta. In ka goge shi, duka biyun sun ɓace.

Yanzu ɗauko fulan ɗin Villa Savoye, gidan da ya kammala a 1931 a Poissy, bayan garin Faris. Daga waje farin akwati ne a kan siraran ginshiƙai. A takarda kuwa murabba'i ne da aka zuba wa siffofi a ciki. A ƙasa bangon gilashi ya lanƙwasa daidai yadda motar mai gida za ta juya ta shiga gareji, a tsakiya hanya mai gangare tana hawa har sama, a kan rufi kuma ga bangaye masu ƙugu irin na jitar nan. Kankare mai rodi ne ya ba shi wannan dama. Tunda ginshiƙai ne ke ɗauke da nauyin dakin, bango ya huta, yana iya bin duk inda hannu ya ja shi. Hannun kuma ya riga ya saba, ya yi shekara goma yana jan irin waɗannan layuka kowace safiya.

Gidan ya yi yoyo fa. Matar mai gidan ta yi ta aika masa wasiƙu cewa ruwa na zuba a mashiga da banɗaki. Ina faɗar wannan ne saboda abokan aikina masu ɗaukarsa waliyyi. Buroshi ba ya koya wa mutum inda ruwan sama zai bi, kuma da a Kaduna aka yi wannan shimfiɗaɗɗen rufi, ruwan watan Agusta ɗaya ya isa a kai shi gaban alƙali.

A Holan wata ƙungiyar masu zane ce, De Stijl, da Theo van Doesburg ya kafa a 1917 tare da su Piet Mondrian. Su miƙaƙƙen layi kaɗai suka yarda da shi, na tsaye da na kwance, sai ja da shuɗi da rawaya, da fari da baƙi da toka. A 1924 wani kafinta, Gerrit Rietveld, ya gina wa wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku gida a Utrecht da wannan tunani. Bangayen ba su haɗu sun rufe kusurwa yadda aka saba ba. Wannan ya zarce wancan, wancan ya matso gaba kaɗan, an bambanta su da fari da toka iri-iri don ido ya gane kowane allo zaman kansa yake yi, ja da shuɗi da rawaya kuma suna jikin ƙarafa da firam ɗin tagogi. A saman bene bangayen ma turawa ake yi, da rana fili ɗaya, da dare ɗakunan kwana. Matar ta zauna a ciki har rasuwarta a 1985, wanda a wurina ya fi kowace lambar yabo.

Jikokin gidan nan sun cika Kaduna, ko da masu su ba su taɓa jin sunan Rietveld ba. Bi ta Millennium City, ko sababbin gidajen Barnawa da Unguwar Rimi. Fentin toka da fari, sai wani akwatin siminti da aka zagaye taga da shi aka shafa masa ja ko ruwan goro. Shiga ciki ka tarar da fulan ɗin nan dai na kullum, dogon korido mai duhu da ɗakuna hagu da dama. An kwaso kwalliyar an baro tunanin a can, alhali abin da ya kamata ya tsallako daga zane zuwa gini shi ne yadda ake jera wuri da wuri.

Wadda ta kai abin maƙura ita ce Zaha Hadid, 'yar Bagadaza, haifaffiyar 1950. Lissafi ta fara karantawa a Beirut kafin ta wuce Landan. Wani aikinta na makaranta, tsakanin 1976 da 1977, daga Kazimir Malevich ta ɗauko shi, mutumin da ya zana baƙin murabba'i a kan farin fili a Rasha a 1915 ya ce zane ke nan, ya cika. Daga baya Malevich ya riƙa harhaɗa 'yan fararen tubala na filasta, gine-gine marasa ƙofa marasa taga, waɗanda ba a yi su don kowa ya shiga ba. Ita sai ta ɗauki ɗaya ta ɗora shi a kan gadar Hungerford da ke kogin Thames, ta mai da shi otal mai hawa 14.

A 1983 ta ci gasar zana wani kulob a kan dutsen da ke kallon birnin Hong Kong. Zane-zanen da ta yi na wannan aiki manya ne, na fenti: dutsen a tsattsage, dogayen benaye masu kaifi suna shawagi a kan juna, birnin duk a karkace a ƙasa. Ba a gina ba. Ta ci gasar gidan opera na Cardiff a 1994, shi ma ba a gina ba. Shekaru ana yi mata shaguɓe da mai ginin takarda. Hujjarta ita ce kayan aikin da muka gada, fulan da rula da ma'aunin kusurwa, su ke tura hannu ya haifo irin ginin da aka saba, don haka mai son wani gini daban sai ya fara canja yadda yake zana shi. A nan ina bayanta, domin ina ganin abin a ofishina. Manhajar da muke aiki da ita tana da bango da ƙofa da taga a ajiye, yaro dannawa kawai zai yi ya jera. Kusurwa mai digiri 90 ita ce mafi sauƙin dannawa, saboda haka ita ake yi. Ɗaliban da ke zuwa mana koyon aiki, wasunsu in ka miƙa musu fensir sai su riƙe shi suna kallonka.

Gininta na farko da duniya ta sani shi ne tashar 'yan kwana-kwana ta kamfanin Vitra a Jamus, a 1993. Kankare mai tsini, bangaye a jirkice, ka ce zanen ne ya miƙe tsaye. 'Yan kwana-kwanan ba su daɗe a ciki ba, wurin ya koma na baje koli. A 2004 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, ta rasu a 2016. Ni dai a ganina zane-zanenta na shekarun 1980 sun fi yawancin gine-ginen da ta yi bayan ta yi suna, lokacin da kwamfuta ta karɓe aikin komai ya koma sulɓi. Akwai masu jin haushin wannan magana. Su ji.

Wani kawuna, malamin zaure ne a Tudun Wada, ya taɓa tarar da kwalayena jingine da bango. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Kai kuma yanzu hoto ka koma yi?"

Na ce, "Allah gafarta, Kawu, duba da kyau, babu mai rai a ciki."

Ya matso da shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ai wannan zayyana ce. Sai dai wanda ya yi ta bai iya ba."

Bai yi ƙarya ba, ta kowace fuska. Zayyanar da ake yi wa allon mai sauka murabba'i ne cikin murabba'i, da da'ira, da ja da rawaya da baƙi, babu mutum babu dabba. Abin da Turawa suka yi ta tayar da jijiyar wuya a kansa a farkon ƙarni na 20, cewa layi da launi kaɗai sun isa zane, almajiri tashi ya yi ya tarar da shi. Ban dai nuna wa Kawu zanen Le Corbusier na bayan 1930 ba, lokacin da ya bar kwalabe ya koma mata da bijimai.

Raba mai zane da magini ma baƙon abu ne a wurinmu. A cikin birnin Zariya magina ne ke bin bango da hannu tun yaɓe yana ɗanye, su fitar da dagi da takobi, daga baya har da keke. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, bakan gizon da ke ɗauke da rufinsa su ne kuma adonsa. Ba ka cire ɗaya ka bar ɗaya.

Zariyar nan ce kuma ta yaye mutumin da nake ganin ya fi kowa fahimtar wannan al'amari a ƙasar nan. Demas Nwoko, an haife shi a 1935 a Idumuje-Ugboko da ke jihar Delta ta yanzu, ya karanta zane daga 1957 zuwa 1961 a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tare da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ƙi a ɗura musu zanen Turawa zalla, suka ce sai an cuɗa shi da na gida. Ba makarantar zanen gini ya yi ba. Ta fenti da sassaƙa da tsara dandalin wasan kwaikwayo ya shigo, wato ya biyo hanyar su Zaha ta baya. A shekarun 1970 ya gina wa 'yan ɗariƙar Dominican cocinsu a Ibadan, kuma shi ya zana babbar cibiyar al'adu ta Oba Akenzua a Benin. A nasa gidan da wurin aikinsa, bulo ya buga da jar ƙasa da ɗan siminti, bangon ya fito da launin ƙasar da yake tsaye a kai, ba ya jiran fenti. A 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a baje kolin gine-gine na Venice da ke Italiya, yana da shekara sama da 85. Mu masu takardar shaida kuwa muna nan muna liƙa wa mutane ginshiƙan Rumawa a Kawo.

Wata malamar makaranta da ta yi ritaya ta kawo mini fulotinta, mai faɗin ƙafa hamsin da tsawon ƙafa ɗari, a Kinkinau. Buƙatarta biyu. Tana so abokan 'ya'yanta maza su shigo falo ba tare da idonsu ya faɗa cikin gida ba, kuma tana son tsakar gida ta gaske, inda za a yi shanya, a ɗora tukunya a kan icce ran suna. Filin ba zai ɗauki zaure da falo da korido ba. A kwamfuta duk yadda na juya ɗakunan sai korido ya cinye tsakar gidan.

A kwanakin ina ta zanen buta da kwanon sha jingine da juna. Ba wahayi aka yi mini ba, kwalaye da yawa sun tafi bola. Amma a ɗaya daga ciki layin da ya zama cikin butar shi ne ya zama bakin kwanon, kuma da na kwantar da kwalin a tebur na kalle shi daga sama, bango na gani. Bango ɗaya mai lanƙwasa. Ta waje yana tarbar wanda ya shigo daga get ya karkatar da shi hagu zuwa falon baƙi. Ta ciki ya rungume tsakar gida, ya ba ta inuwa daga la'asar, da dakali a gindinsa. Aikin da zaure ke yi ne tun kaka da kakanni, inda ƙofar shiga ba ta kallon ƙofar cikin gida, sai dai a nan bango ɗaya ya ɗauke shi, korido ya fita daga lissafi.

Birkila ya kalli takarda ya kalle ni. "Injiniya, bulo fa ba ya lanƙwasa."

"Na sani, Malam. A riƙa raba shi biyu."

Ya ce to kuɗin aiki zai ƙaru, kuma filasta za ta ci siminti kafin bangon ya yi sumul. Gaskiyarsa ce, na kuma gaya wa mai gida tun kafin a fara. Muka kafa guntun rodi a tsakiyar fili, muka ɗaura igiya, muka ja layin a ƙasa da ƙusa, lebura ya bi shi da toka. Da bangon ya kai ƙugu Hajiya ta zo duba aiki. Ta zagaya shi ta ce, "Ɗan nan, ba dai rijiya kake gina mini a ƙofar gida ba?" Na ce ta je bakin get ta tsaya ta gaya mini abin da take hange a ciki. Ta je, ta leƙa ta nan ta leƙa ta can, ta dawo ba ta ce komai ba, sai ta tambayi birkila ko sun ci abinci.

Rigimar a wajen fenti ta tashi. A 1931 Le Corbusier ya tsara wa wani kamfanin takardar bango na Suwizalan, Salubra, launuka 43, kuma ra'ayinsa shi ne shuɗi yana tura bango baya ya buɗe wuri, ja kuma yana kafe shi a inda yake. Na gwada na ga haka ne. Sai dai shi a ƙarƙashin gajimaren Faris ya auna nasa. A nan farin bango kashe ido yake yi a zafin watan Maris, hunturu ya zo ya lulluɓe shi da ƙura, damina kuma ta fantsalo masa jar laka har gwiwa. Shi ya sa kafin in zaɓi launi nakan shafa shi a jikin bulo in bar shi a fili rana da ƙura su yi masa hukunci. Ni da mai fenti muka zauna da farin fenti da garin kala muna ƙarawa kaɗan-kaɗan, har muka samu jar ƙasa irin ta unguwar don bayan bangon, da shuɗi mai haske don cikinsa, ko 'yar tsakar gidan ta ƙara faɗi a ido.

Hajiya ta tsaya a kan bulon gwaji, ta nuna jan da bakin takalminta.

"Wato duk kuɗin giratutin da na zuba a nan, sai mai wucewa ya ce gidan ƙasa na gina?"

Na kawo mata zancen Nwoko da lambar da aka ba shi a Italiya. Ta ce Allah ya sanya masa albarka, shi ma gidansa ne. Shuɗin ciki ta bar mini, har ta ce ya yi sanyi. Na waje kuwa ruwan hoda ta zaɓa, irin na gidan ƙanwarta a Kano. Damina ta zo ta wuce, jar laka ta hau ruwan hodar har gwiwa, Hajiya ta kira mai fenti ya sake shafawa. Ruwan hodar dai.